Kundin bashi na shekara 30 a Kantin Kwari da ƙananan kamfailolin da suka fitar da shi

## Shagon da manhajarsa, 1994

Shagon sarin atamfa ne da shadda da leshi a cikin Kantin Kwari. Ba ya cikin manyan da ake kiran sunansu, ba kuma za a sa shi cikin 'yan tebur ba. Yawancin cinikinsa na bashi ne. 'Yan kasuwa daga Katsina da Gusau da Maraɗi da Damagaram sukan ɗauki dila biyu ko uku, su ajiye abin da ya sawwaƙa, saura sai an sayar. Mai irin wannan ciniki, wani kaso na dukiyarsa ne kawai ke kan kanta. Sauran yana hannun mutane, littafi ne shaidarsa.

Har zuwa 1994 littafin na takarda ne. A wannan shekara ɗan wan maigidan, wanda ya karanta lissafi a Jami'ar Bayero, ya rubuta wa shagon manhaja da harshen Pascal, ya harhaɗa ta da Turbo Pascal 7.0, ya ɗora a kan kwamfuta 486 mai MS-DOS. Turbo Pascal kamfaila ce, wato manhajar da ke karɓar rubutun da mutum ya yi da harshe irin Pascal ko C ta mayar da shi umarnin inji. Rubutun farko, wanda za mu riƙa kira rubutun tushe, mutum na iya karanta shi ya gyara. Abin da kamfaila ta fitar kuwa sai dai a kunna. Kamfanin Borland na Amurka ya fara sayar da Turbo Pascal a 1983 a kan dala 49.95, ta kuma samu karɓuwa wajen ɗalibai saboda sauri da ƙanƙanta. Sigarta ta 3, da wurin rubutu da komai, ba ta kai kilobait 40 ba.

Manhajar, BASHI.EXE, aiki uku take yi: ta buɗe wa mutum shafi, ta shigar da ɗaukar kaya ko biya, ta buga rasit a firintar allura ta Epson a kan takarda mai kabon. Sunayen mutane da ragowar bashinsu suna cikin fayil ɗaya, MUTANE.DAT. Shige da ficen kowace shekara yana da nasa fayil, CIN94.DAT, CIN95.DAT, haka har ƙasa, kuma kowane yana farawa da layin da ya ɗauko ragowar bara.

Wata shawara da marubucin ya yanke ita ce asalin duk abin da ya biyo baya. Ya adana kuɗi a kobo, cikin nau'in lamba da Pascal ke kira LongInt, mai bit 32 (bit shi ne gurbi ɗaya na 0 ko 1), don kada lissafi ya riƙa cin ɓurɓushin kobo kamar yadda lambobi masu ɗigo ke yi. Iyakar LongInt ita ce 2,147,483,647. A kobo, naira 21,474,836.47 ke nan. A 1994 babbar takardar kuɗi a Nijeriya naira 50 ce, dala kuma tana wajen naira 22 a farashin gwamnati.

## Gyare-gyaren da ba a rubuta ba, 2002 zuwa 2022

A 2002 kwamfutar farko ta ce ga garinku nan. Aka sayo Pentium III na hannu, aka kwafe manhajar, da aka kunna sai ta rubuta "Runtime error 200" ta mutu. Sanannen ciwo ne na Turbo Pascal 7. Da zarar manhaja ta tashi, wani sashe mai suna Crt yakan auna saurin injin: ya ƙirga zagaye nawa zai yi cikin milisakan 55, ya raba da 55. A injin da ya kai megahaz 200 ko ya wuce, amsar ba ta shiga mazubin bit 16 da aka tanadar mata. Ɗan wan maigidan ya toshe wannan, ya kuma yi amfani da damar ya ƙara wasu abubuwa, ciki har da gurbin lambar waya, tun da GSM ta shigo ƙasar a watan Agusta 2001 kuma 'yan kasuwa sun fara riƙe salula.

Wajen 2010 aka koma kwamfuta mai Windows XP. Folda kawai aka kwafa, komai ya tashi, domin XP mai bit 32 tana da sashen da ke karɓar manhajojin DOS, har da aika rubutu ta soket ɗin firinta mai faɗi. A 2013 Allah ya yi wa marubucin rasuwa.

Akwai wata ƙa'ida da ya faɗa wa akawun shagon da baki: kada shafi ɗaya ya haura miliyan 20. In mutum ya kusa, a buɗe masa shafi na biyu. Akawun ya riƙe wannan tsawon shekaru ba tare da ya san dalili ba, kuma ba kasafai ake bukatarta ba. A 2022 tsufa ya sa ya koma garinsu. Ya miƙa wa sabon akawu makullai da madannan da ake latsawa da inda ake sayen ribon ɗin firinta. Maganar miliyan 20 ba ta zo ba, domin a lokacin babu shafin da ya doshi wurin.

## Farkon matsala, Nuwamba 2023

Abubuwa biyu suka haɗu. Tun watan Yuni 2023 da Babban Banki ya saki naira, farashin kayan da ake shigowa da su ya yi ta hawa. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli kuma ya sa abokan ciniki na can suka riƙa jinkirin biya. Wani daɗaɗɗen abokin cinikin shagon daga Maraɗi, ana bin sa naira 19,300,000, ya aiko yaronsa ya ƙara ɗaukar kayan 2,600,000. Kamata ya yi rasit ya nuna 21,900,000. Abin da firinta ta buga shi ne 21,049,672.96 da alamar ɗebewa a gaba, wanda a tsarin manhajar ke nufin mutum ya biya fiye da kima, shago ne zai mayar masa.

Yaron ya tafi da rasit ɗin. Washegari mutumin Maraɗi ya bugo waya yana dariya: "Alhaji, ashe ni nake bin ku miliyan ashirin da ɗaya ban sani ba?" Maigidan bai yi dariya ba. Zarginsa ya faɗa kan sabon akawu, wanda bai cika shekara biyu a kujerar ba.

Akawun ya yi abin da kowa zai yi a madadinsa. Ya shigar da ɗaukar kaya na ƙarya na 21,049,672.96 don shafin ya koma sifiri, sannan ya nemi shigar da 21,900,000 gaba ɗaya. Manhajar ta rubuta "Runtime error 207" ta rufe. Ya raba kuɗin biyu, 11,000,000 da 10,900,000, ta karɓa. Da ya duba ragowa, lambar nan ta jiya ta dawo, har kobo 96 ɗinta. Ya rubuta abin da ya yi a littafinsa na aljihu, ya mayar da lissafin mutumin Maraɗi kan takarda. Shagon ba ya ciniki da kobo, amma a lokacin ba wanda ya tsaya ya tambayi inda kobo 96 ta fito.

## Yunƙuri na farko: sabuwar kwamfuta da Excel, Disamba 2023

Babban ɗan maigidan ya ce tsufan kwamfuta ne. Aka je Titin Beirut aka sayo laftof mai Windows 11, aka kwafe foldar. Windows ta ce wannan manhaja ba za ta yi aiki a kan wannan kwamfuta ba. Dalili: BASHI.EXE manhajar bit 16 ce, Windows mai bit 64 ba ta da sashen nan na DOS, Windows 11 kuwa mai bit 64 kaɗai ake yi.

Sai aka ce a bar tsohuwar gaba ɗaya. Wani dillalin manhajar lissafi ya zo ya nuna tasa, mai kyau kuwa, ya ce a ba shi bayanan a tsarin tebur ya loda. Da aka buɗe MUTANE.DAT a Notepad, sunaye ne suka fito a warwatse cikin tarkacen alamomi, babu lambar kuɗi ko ɗaya da ido zai karanta. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne.

Aka sa yaran shago biyu su riƙa duba tsohon allo suna kwafewa cikin Excel. Shafuka 1,412 ne. Cikin mako uku ba su kai sulusi ba, kuma ragowa kawai suke ɗauka, ban da tarihi. Nan aikin ya tsaya, domin a Kwari ba ragowa ake gardama a kai ba. Mutum cewa yake yi, "Ana saura kwana uku azumi na aiko da miliyan ɗaya ta hannun ƙanena," sai an nuna masa layin.

A ƙarshen watan shafin wani mutumin Gusau ya haura iyaka, shi ma ya juye, shi ma da kobo 96.

## Faifai ya fara ƙara, an gwada kwaikwayo, Janairu 2024

Cikin hunturu tsohuwar kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas in an kunna ta, wani lokaci ta tsaya cak. Mai gyaran da aka fara kira ya ce a goge faifan a sake ɗora Windows. Akawun ya hana, duk da cewa a lokacin maganarsa ba ta da nauyi a shagon.

Ta hanyar wani maƙwabcin shago aka samo wani matashi mai koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa Injiniya. Ya nemi ya tafi da kwamfutar gida. Maigidan ya ce, "A'a, ɗana. Bashin mutane amana ne, ba zai kwana a waje ba. Ga ɗaki nan a baya." Ya ce, "To Alhaji, ko kwafi ne a filash?" Ya ce filash ɗin ma a aljihun tebur zai riƙa kwana. Wannan sharaɗi shi ya tsara sauran aikin: ɗakin baya, babu intanet, wuta sai ta janareta, kayan aiki kuma sai wanda za a iya shigowa da shi sau ɗaya a bar shi a nan.

Abin da Injiniya ya fara yi bai taɓa manhajar ba. Ya tayar da kwamfutar da Linux daga filash, ya sa GNU ddrescue ta kwafe faifan gigabait 40 ɗin sukutum. Amfanin ddrescue shi ne takan fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo ta lallaɓa masu ciwo, ba ta nace wa wuri ɗaya har faifai ya ƙarasa mutuwa. Duk fayilolin shagon sun fito lafiya ban da CIN19.DAT, wanda ya rasa wani yanki a tsakiya.

Daga nan ya gwada DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. BASHI.EXE ta tashi a laftof da shuɗin allonta, yaran shago har da tafi. Rasit ya ƙi fita, domin don wasanni aka yi DOSBox, ba ta san firinta ba. Ya koma DOSBox-X, wadda ke iya kama abin da aka aika wa firinta, aka samu rasit. Amma shafin Maraɗi da na Gusau suna nan a juye yadda suke.

A nan ya lura da kobo 96. Ya tara 21,049,672.96 da 21,900,000, ya samu 42,949,672.96. A kobo, 4,294,967,296 ke nan, wato 2 a ninka da kanta sau 32. Ya bayyana wa maigidan da mitar babur: in ta cika takan koma sifiri, ita wannan kuwa in ta cika sai ta faɗa can ƙarshen ɓangaren ɗebewa ta ci gaba da ƙirga daga nan. Ya ce, "Alhaji, akawunka bai taɓa maka ko sisi ba. Duk shafin da ya wuce miliyan 21 da dubu 474 haka zai yi, ko wa ke zaune a kujerar." Aka buga wa tsohon akawu waya a ƙauye, ya tabbatar da ƙa'idar miliyan 20.

## Fayafayan fulofi da TCC, Fabrairu 2024

Ana iya komawa ƙa'idar tsohon akawu a zauna a DOSBox-X. An ma yi hakan na ɗan lokaci don ciniki ya tafi. Sai dai a watan Fabrairu dala ta haura naira 1,500, shafukan da ke dosar iyaka suna ƙaruwa, kuma raba mutum ɗaya gida uku hanya ce ta sabuwar rigima. Gyara na gaskiya yana bukatar rubutun tushe.

Iyalan marigayin suka binciko wani kwali a ɗakin ajiya, da fayafayan fulofi masu inci 3.5 a ciki. Na'urar karanta su mai USB sai daga Computer Village ta Ikeja aka aiko da ita. Faifan da aka rubuta wa 2002 ya yi fumfuna, ko jerin sunayen fayilolinsa bai buɗe ba. Na 1994 kwafi biyu ne, kowane ya lalace a wuri daban, da aka haɗa su rubutun ya cika. Don haka abin da ke hannu shi ne tushen manhajar da ta girmi wadda ake amfani da ita da shekara 8.

Rubutun 1994 ya ce kowane shafi bait 63 ne (bait ɗaya bit 8 ne, mazaunin harafi ɗaya): 2 na lambar shafi, 31 na suna, 16 na gari, 4 na ragowa, 6 na jimillar cinikin mutum tun farko, 4 na kwanan wata. MUTANE.DAT kuwa bait 105,900 ne, ba ya rabuwa da 63. Da aka raba shi da shafuka 1,412 sai ya ba da 75 cif. Akwai bait 12 da rubutun bai san da su ba.

Don leƙa cikin fayil ɗin injiniyan ya shigo da Tiny C Compiler, wadda aka fi sani da TCC. Bafaranshen nan Fabrice Bellard ne ya rubuta ta. Ta samo asali daga wata 'yar mitsitsiyar kamfaila da ya ci gasar rubuta C mai wuyar karantawa da ita a 2001. A faɗar shi kansa, girman TCC bai wuce kimanin kilobait 100 ba, da duk sassan da ke kai rubutu har ya zama manhaja. Ba a girka ta. Folda ce, a kwafa a filash, kuma umarnin tcc -run yana harhaɗa rubutu ya kunna shi nan take. Sigarta ta ƙarshe a hukumance, 0.9.27, ta fito a Disamba 2017. Manhajar da take fitarwa ba ta kai ta manyan kamfailoli gudu ba, amma karanta fayil mai kilobait 100 ba ya bukatar gudu. Folda ɗaya ta yi aiki a tsohuwar XP da sabon laftof.

Ya rubuta ɗan gajeren shiri da ke yanka fayil ɗin bait 75-75 yana nuna kowane. Bait 12 ɗin suka fito a ƙarshen kowane shafi: ɗaya mai faɗin tsawo, 11 na lambobi, yawancinsu sun fara da 080. Lambar waya ce. Gurbin jimilla ya fi ba da wuya, domin Real, nau'in lamba mai ɗigo na Turbo Pascal, bait 6 ne, tsarin da C ba ta san shi ba: bait na farko na ma'aunin girma, ana ɗebe 129 daga cikinsa, bit 39 na jikin lambar, bit ɗaya na alama. Layi kamar goma ya ishe shi ya juya shi.

Sai babban gwaji. Kuskuren 207 da ya kori akawu ran nan ya zama alheri, domin ya nuna manhajar ba ta taɓa karɓar layi ɗaya da ya wuce iyaka ba. Kowane layi a fayilolin shekara daidai yake, tarawar ce kawai ke juyewa. Saboda haka ya sa shirin ya bi kowane shafi shekara bayan shekara da lamba mai bit 64: ragowar bara, a tara da ɗauka, a ɗebe biya, a gani ko ya yi daidai da abin da shekara ta gaba ta buɗe da shi.

Daga 1994 zuwa 2001 komai ya zauna. Daga 2002 ɗaruruwan shafuka suka saɓa. Ya ƙirga nau'o'in layi, ya ga rubutun 1994 ya san biyu, 1 ɗauka, 2 biya, amma daga 2002 akwai 3. Ya tambayi akawu ko akwai wani abu na uku da ake shigarwa. Ya ce, "Ragi mana, F7." Da aka ɗebe ragi, saɓanin ya rage a wuri uku: shafukan da ramin 2019 ya shafa, shafin Gusau, da shafin Maraɗi. Na Gusau ya fito da ragowarsa ta gaskiya. Na Maraɗi ya fito 64,849,672.96, domin layukan ƙarya uku da akawu ya shigar suna ciki. Littafinsa na aljihu ne ya nuna su da ranarsu. Da aka cire su, 21,900,000 ya rage.

## Sake gina manhajar, ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris 2024

Yanzu bayanan sun fita, ana iya ba dillalin nan ya loda. Maigidan ya ƙi, akawu ma ya ƙi, kuma dalilinsu ɗaya: azumi ya ƙarato, lokacin da Kwari ke cika har ba masaka tsinke saboda kayan Sallah, ba lokacin koyon sabbin madannai ba ne.

Aka ɗauki Free Pascal, wadda Bajamushe Florian Klämpfl ya fara a 1993 lokacin da ta bayyana Borland ta juya baya ga DOS. Sigar 3.2.2 ta Mayu 2021 aka yi amfani da ita. Ta fi TCC nauyi nesa ba kusa ba, amma ita ma foldarta na iya zama a filash, kuma tana da zaɓin -Mtp mai sa ta karanta rubutu yadda Turbo Pascal ke karantawa. Tafiya daga inji zuwa inji ba baƙuwar Pascal ba ce. Tun a shekarun 1970 ƙungiyar Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro Pascal, a Zurich ta fitar da kamfailar Pascal-P, mai fassara zuwa harshen wani inji na ƙage, ta yadda duk mai sabuwar kwamfuta ɗan ƙaramin sashe kawai zai rubuta. Wirth ya rasu ran 1 ga Janairu 2024, ana tsakiyar wannan fama a Kwari.

Yawancin rubutun ya wuce ba gardama. Wurare uku suka tsaya.

Na farko ya fi haɗari domin kamfaila ba ta yi ƙorafi a kansa ba. A Free Pascal, Real bait 8 ne, kuma takan saka giɓi tsakanin gurabe in ba a ce mata ta matse ba. Manhajar ta harhaɗu, ta tashi, sunan farko ya fito daidai, na biyu ya gurɓace, na goma ya zama tarkace. Da a kan ainihin fayil aka yi gwajin har aka adana wani abu, da an yi ɓarna. Tun da dama za a faɗaɗa gurbin kuɗi daga LongInt zuwa Int64, wanda iyakarsa lamba 19 ce a jere, sai aka tsara sabon shafi a matse, aka faɗi girman kowane gurbi ƙarara, shirin TCC ya juye tsofaffin fayiloli zuwa sabon tsari.

Na biyu allo ne. Marubucin yakan rubuta kai tsaye cikin ma'ajiyar allo ta adireshin B800 don sauri, abin da Windows ba ta yarda da shi. Duk yana cikin fayil ɗaya, ALLO.PAS, aka sake rubuta shi da umarnan Crt na yau da kullum, launi da matsayin komai suka zauna inda suke.

Na uku firinta. Laftof ba shi da soket mai faɗi. Aka sayo wayar da ke haɗa USB da firintar, manhajar ta riƙa rubuta rasit a fayil, wani umarni ya tura shi ɗanye zuwa firinta da alamomin Epson ɗinsa.

Gurbin waya da ragi da neman mutum ta lambarsa, duk an sake rubuta su ne ta hanyar kallon yadda tsohuwar ke yi a DOSBox-X.

## Tafiya tare da sauyawa, Maris zuwa Yuni 2024

Azumi ya kama ran 11 ga Maris. Duk watan, akawu na shigar da ciniki a tsohuwar manhaja cikin DOSBox-X, wani yaro na maimaitawa a sabuwa, kafin a tashi a gwada jimilla. Bambanci biyu aka samu daga manhaja. Ɗaya, sabuwar tana karɓar ragin da ya fi ragowar bashi, tsohuwar kuwa tana ƙi. Ɗaya kuma layin ƙarshe na rasit yana faɗawa kan tsagin takarda. Sauran bambance-bambancen kuskuren yatsa ne.

Bayan ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, aka daina shigarwa a tsohuwar. Aka haɗe shafukan da aka raba. Ramin 2019 an cike mafi yawansa daga kwafin kabon da ke cikin buhu a saman kanta, saura layuka kaɗan aka sa musu alamar cewa jimillarsu kawai aka sani. Shagon ya wuce cinikin babbar Sallah a watan Yuni a kan sabuwar manhaja ba tare da tsayawa ba. Mutumin Maraɗi ya biya kashi na farko bayan Nijeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Sabon laftof da Excel sun faɗi ne domin an ɗauka ciwon na inji ne. DOSBox-X ta gaza a matsayin magani domin aikinta ke nan: ta maimaita tsohuwar manhaja yadda take, da kurakuranta. Wannan halin ne kuma ya sa ta zama shaidar da aka auna sabuwar da ita, don haka ban ga laifin gwada ta ba, laifin da a ce an tsaya a nan.

A ganina aikin da ya fi kowane nauyi shi ne bin sarkar shekara 30 da shirin TCC, ba sake harhaɗawar ba. Ba don shi ba, da sabuwar manhaja ta tashi lafiya ƙalau tana watsi da ragi, tana bin mutumin Maraɗi miliyan 64. Kuma bai yiwu ba sai don marubucin ya adana kowane layi daban, ya buɗe kowace shekara da ragowar bara. Shawararsa ta kobo ma ba wauta ba ce a 1994. Inda ya bar giɓi shi ne iyakar da ya faɗa da baki, da gyaran 2002 da ya ajiye a faifai ɗaya tal.

Ƙanƙantar kamfaila ta yi amfani ne saboda sharaɗin maigidan, sharaɗin da a farko ya yi kama da taurin kai. Kayan aikin da sai an girka, an yi rajista, an sauko da gigabait daga intanet, ba su da wurin zama a ɗakin nan. Ta kuma yi amfani ta wata fuskar: yanzu filash ɗin da ke aljihun tebur yana ɗauke da rubutun tushe, da kamfailolin biyu da suka harhaɗa shi, da tsohuwar BASHI.EXE tare da DOSBox-X, da takarda mai bayyana kowane bait na fayilolin. Wanda ya zo bayan shekara goma ba sai ya nemi sigar da ta dace ba.

Akawun ya samu wankewa, amma sai da ya yi wata biyu ana kallonsa da wani ido, kuma shi ne ya hana goge faifan, littafinsa ne ya warware shafin Maraɗi.

Abu biyu ba su warware ba. Mutum ɗaya ne har yanzu ya san cikin manhajar, maigidan bai amince ya biya a koya wa na biyu ba. Kuma filash ba ya daɗewa, kasuwar da ambaliya ta shiga a damina ta 2022 ba wurin ajiye kwafi ɗaya ba ce. Bayan doguwar magana maigidan ya yarda da filash na biyu, wanda shi da kansa yake tafiya da shi gida duk ranar Alhamis, da kuma buga rubutun tushe a takarda. Kwafi a wajen gidan da shagon, ya ce sai ya yi shawara.